Wutar Daji da Ruwan Tiga: Wa Zai Biya Kuɗin Bincike?



Na san akwai waɗanda tun da suka ga sanarwar wannan lacca suke tambayar kansu, me ya haɗa malamin Hausa da zancen wuta da itatuwa da ruwa? Tambayar tana bisa hanya. Abin da ya fara kai ni kudancin Kano shi ne tattara kirarin mafarauta da sunayen wurare, watau aikin da aka san mu da shi. To, amma wanda ya bi hanyar nan da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta ratsa Tudun Wada ta shiga dajin Falgore ta ɓulla Doguwa, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, lalle idonsa zai nuna masa abin da bai je nema ba. Na bi ta cikin watan Fabrairu, na ga daji hagu da dama ya yi baƙi ƙirin, ba ciyawa ba ganye, sai toka da kututture. Na sāke bin ta bayan saukar ruwan farko, na tsaya a kan wata gada, na ga ruwan rafin ya yi kauri kamar kunu, ja da baƙi a haɗe. Dattawan da nake hira da su kuwa, duk wanda na taɓo masa zancen rafi sai ya ce a ƙuruciyarsa ruwan yakan kai bazara, yanzu kuwa tun sanyi bai wuce ba yake ƙafewa. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Abin da nake so in faɗa yau shi ne, mun kashe dukiya mai yawa wajen tare ruwa, muna kuma kashewa wajen dasa itace, amma kuɗin da za a auna abin da wuta da dashen itace suke yi wa ruwan nan, shi ne kullum ke zuwa ƙarshe, in ma ya zo.

Inda ruwan yake fitowa

Kafin in ci gaba, akwai kalma guda da ya kamata mu daidaita a kanta. Masana suna da suna ga dukkan faɗin ƙasar da in ruwan sama ya sauka a kanta zai gangara ya taru a kogi ɗaya. Ni a wannan lacca zan kira shi masakin kogi, domin kamar masaki yake: duk abin da aka zuba a gefensa, tsakiya zai nufa. In wani yana da kalmar da ta fi wannan, ina maraba da ita.

Masakin Kogin Kano ya faro ne daga tsaunukan kudu, wajen Riruwai cikin ƙasar Doguwa, inda ruwan sama yakan haura milimita 1,000 a shekara, ya fi na birnin Kano nesa ba kusa ba. Kogin ya ratsa dajin Falgore, ya sauko ya zuba cikin madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji. An gina Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Tafkinta ya kai murabba'in kilomita 178, an kuma tsara ta ne ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga nan ne ake shayar da gonakin noman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, waɗanda kashin farko nasu aka tsara shi a kan hekta 22,000. Daga kogin nan kuma ake ɗibar wani ɓangare na ruwan da birnin Kano ke sha, a Tamburawa. Abin da ya rage ya haɗu da Kogin Challawa, ya wuce Wudil, ya nufi fadamun Haɗejiya da Nguru, daga can sai Kogin Yobe da Tafkin Chadi. Ashe ke nan mai shinkafa a Kura, da mai buɗe famfo a birni, da masunci a Nguru, duk suna da ruwa da tsaki cikin ashanar da wani ya ƙyasta a Doguwa, ko sun sani ko ba su sani ba.

Dajin Falgore kansa an keɓe shi tun shekarun 1940, zamanin Turawa, da sunan gandun dajin Kogin Kano, aka mai da shi gandun namun daji a shekarun 1960. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta sa sunansa cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10 da ta amince da su. Jama'a sun fi saninsa da namun daji, daga baya kuma da labarin ɓarayin shanu. Amma babban aikinsa, wanda ba ya fitowa a jarida, shi ne riƙe ƙasa kada ta bi ruwa ta cika Tiga.

Wuta ba iri ɗaya ba ce

Mu yi wa mutanenmu adalci tukuna. Ba don ɓarna kawai ake cinna wa daji wuta ba. Makiyayi yana so busasshiyar gamba ta ƙone toho ya fito, dabbobinsa su samu ɗanyen abinci cikin rani. Maharbi yana so ya kori nama. Mai zuma yana kunna wuta ya kori ƙuda, ta kuɓuce masa. Manomi yana sharar gona, iska ta ɗauki tartsatsi. Itatuwan dajin nan ma, irin su doka da maje da taura da kaɗanya, sun saba da wuta tun fil azal, shi ya sa ɓawonsu ke da kauri, saiwarsu kuma ke tofowa bayan an ƙone su. Akwai dokar Tarayya ta 2011 a kan ƙona daji, amma duk wanda ya fita gari cikin hunturu ya san iyakar inda take aiki.

Saboda haka tambayar da ke da amfani ita ce, wace wuta, a wane wata? A nan Turawan gandun daji sun bar mana darasi. A 1929 an yanke wasu filayen gwaji a Olokemeji, kusa da Ibadan, a 1936 kuma wani Bafaranshe mai suna Aubréville ya yi irin wannan a Kokondekro kusa da Bouaké a ƙasar Kwaddibuwa. Tsarin mai sauƙi ne. Fili ɗaya a hana masa wuta sam. Na biyu a ƙone shi da wuri, da kaka, ciyawa tana da sauran danshi. Na uku a bar shi sai ƙarshen rani, kome ya bushe ƙayau, sannan a sa masa wuta. Aka yi ta maimaita haka shekara da shekaru. Filin da aka hana wa wuta ya cushe ya koma kurmi. Wanda ake ƙonawa da wuri ya riƙe itatuwansa da dama. Wanda ake ƙonawa a makare kuwa itatuwansa suka yi ta raguwa, sai ciyawa da tsirarun masu taurin kai.

Sai dai waɗannan gwaje-gwaje itatuwa suka ƙirga, ba ruwa ba. Abin da hankali da ilmin ƙasa suka nuna game da ruwan shi ne kamar haka. Wutar ƙarshen rani tana barin ƙasa tsirara daidai lokacin da ruwan farko ke tafe, ruwan farko kuwa a ƙasarmu da ƙarfi yake zuwa, da iska da tsawa. Ɗigon ruwa in ya faɗi a kan ganye ko busasshiyar ciyawa, ƙarfinsa ya karye, sai ya tsiyaya a hankali ƙasa ta sha. In ya faɗi a kan ƙasa tsirara, sai ya farfasa ta, ƙananan ƙwayoyinta su toshe ƙofofin da ruwa ke bi, fuskarta ta daskare. Daga nan ruwa ba ya shiga, sai gudu, yana ɗauke da toka da laka. Hasara biyu ke nan a lokaci guda: ruwan da ya kamata ya ɓuya a ƙasa ya riƙa ciyar da rafi da rijiya cikin rani ya tafi a kwana ɗaya, ƙasar da ya kwasa kuma ta je ta kwanta a gindin tafki, ta ci wurin da aka gina don ruwa.

Wannan a baki ne. Buhu nawa na laka hekta guda ke zubarwa in an ƙone ta a Nuwamba, nawa kuma in an ƙone ta a Maris? Wane kashi na lakar da ke shiga Tiga daga ƙonannen daji yake, wane kashi daga gonakin da aka sheme har bakin rafi, wane daga burtali da mashayar shanu, wane daga ramukan haƙar ma'adinai na Riruwai? Wanda zai raba kuɗin gyara dole ya san amsar waɗannan, in ba haka ba sai ya yi ta ɗaure ƙafar da ba ita ke ciwo ba.

Kada kuma mu ce za mu ari amsa daga waje. A Amurka, bayan gobarar Buffalo Creek ta 1996 da ta Hayman ta 2002, laka da toka sun kwararo cikin tafkunan da birnin Denver ke sha, har hukumar ruwan birnin ta kashe fiye da dala miliyan 25 wajen yashe da gyara. Amma dajinsu na dogayen itatuwa ne masu mai a jiki, wutarsa takan daɗe tana gasa ƙasa. Wutar ciyawa irin tamu da sauri take wucewa, ba ta cika dafa ƙasa can ciki ba, sai dai ita kowace shekara take dawowa. Ciwon daban, don haka awon ma sai an yi namu.

Dashen itace ma yana da nasa lissafi

A nan ne na san zan ɓata wa wasu rai. Mun taso ana gaya mana cewa itace yana kawo ruwa, kowace shekara kuma ana bikin dashen itace, manya su saka manyan riguna su dasa, a ɗauki hoto. Ban ƙi ba. Amma itace mai rai ne, shi ma ruwa yake sha. A Afirka ta Kudu an kafa tashar bincike a Jonkershoek a 1935, saboda manoma sun yi ƙorafin cewa gandayen itatuwan da gwamnati ke dasawa suna ƙafar musu da rafuka. Da aka auna shekaru masu yawa, sai ta tabbata manoman ne ke da gaskiya. A Ostareliya kuma, bayan babbar gobarar 1939, dajin da ke shayar da birnin Melbourne ya sāke tofowa, amma ƙananan itatuwan, da yake suna cikin ƙarfin girma, suka riƙa shan ruwa fiye da tsofaffin da suka ƙone, har ruwan da ke isa tafkuna ya ragu ƙwarai shekara 20 zuwa 30 bayan wutar. Wa zai yi zaton haka in ba an auna ba?

Akwai kuma labarin da ya fi kusa da mu. Wani bincike da aka buga a 2016, wanda aka yi a gonakin kaɗanya na Saponé a Burkina Faso, ya nuna cewa ruwa ya fi shiga ƙarƙashin ƙasa inda itatuwa suke tsaka-tsaki, ba fili fetal ba, ba kuma cunkoso ba. Watau irin gonar kakanninmu ke nan, mai ɗorawa nan, kaɗanya can, tsamiya a gefe. A ƙasar Maraɗi kuwa, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture suna yi masa aski maimakon sare shi, har aka ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 ta farfaɗo a kudancin Nijar, ba da dashen gandu ba.

To, mu a Falgore da dajin Ɗansoshiya na ƙasar Kiru, wanne za mu yi? Mu jera turare da darbejiya sahu-sahu, ko mu kare doka da kawo da marke su tofo da kansu? In kuɗi bai isa ko'ina ba, shin gara a fara da mai da kurmin bakin rafi, inda maɗaci da kanya da gwangwala suke riƙe gaɓa, ko da kan tudu? Ni a nawa ganin bakin rafi ne ya fi cancanta, amma gani ne kawai, kuma ba a gina manufa ta gwamnati a kan ganin malamin Hausa.

Irin binciken da ake bukata, da irin kuɗinsa

Hanyar da aka san ana bi tsohuwa ce. Sai a sami rafuka biyu maƙwabta masu kama da juna, a gina ɗan ma'auni a bakin kowane, a yi shekaru ana auna ruwan sama da ruwan da ke fita da lakar da ke cikinsa, ba a taɓa kome ba. In an san halin kowane, sai a canza ɗaya a bar ɗaya, bambancin da ya fito shi ne amsar. A Wagon Wheel Gap ta Amurka an fara awo a 1910, ba a sare itace ko ɗaya ba sai 1919, ba a rufe aikin ba sai 1926. A Hubbard Brook, da aka sare dajin wani rafi ƙarƙaf a hunturun 1965 zuwa 1966, ruwansa ya ƙaru da wajen kashi 40 cikin 100 a shekarar farko, amma ya fito ɗauke da takin da ke cikin ƙasar. Ko a nan Nijeriya, Rattan Lal ya yi irin wannan awo a cibiyar IITA ta Ibadan a shekarun 1970 da 1980, a kan yadda hanyoyin share daji ke jawo zaizayar ƙasa.

Ku lura da shekarun. Nan ne gizo ke saƙa. Kasafin kuɗinmu na shekara guda ne, tallafin bincike yakan ƙare a shekara biyu ko uku, ɗalibi kuma yana da damina ɗaya ko biyu ya gama ya karɓi digirinsa. Alhali kuwa daminar bana ba ta kama da ta bara, wanda ya auna shekara biyu ya yi daidai da wanda ya leƙa kasuwa sau biyu ya ce ya san farashin hatsi. Ga kuma wata cuta da ma'aikatan da ke nan suka fi ni sani: kuɗin da aka amince da shi a Janairu ya fito a Satumba. A aikin gini wannan jinkiri ne kawai. A aikin awon ruwa kuwa shekarar ce gaba ɗaya ta tafi, domin ruwan farko, wanda shi ne ya fi kwasar laka, ba ya jiran takardar biya.

Ba wai babu tukunyar da za a ɗiba ba ne. Akwai asusun kula da muhalli na Tarayya tun 1981. Akwai TETFund, wadda dokarta ta 2011 ta ɗora mata tallafa wa bincike a manyan makarantu. A Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, mai riƙe da Tiga. Masu aikin ma akwai su, a Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da jami'ar Wudil, da Samaru. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙaramin kuɗi mai dogon rai.

Ga abin da nake ba da shawara. A zaɓi ƙananan rafuka shida a ƙasashen Doguwa da Tudun Wada, a haɗa su biyu-biyu. A yi shekara uku ana awo kawai. Daga nan a gwada wutar kaka da wutar ƙarshen rani a kan biyu na farko, a gwada kare toho da dashen gandu a kan na biyu, a gwada mai da kurmin bakin rafi a kan na uku. A ɗaure kuɗin na shekara 10 aƙalla, a asusun da canjin gwamnati ba ya taɓa shi. Taswirar inda wuta ta ci ba za ta ci mana kome ba, domin hotunan tauraron Landsat, waɗanda suka faro daga 1972, kyauta ake samunsu tun 2008. Abin da tauraro ba zai yi mana ba shi ne tsayawa bakin rafi da asuba da kwalba a hannu. Wannan aikin samarin ƙauyukan nan ne da suka gama sakandare, a koya musu, a biya su a kan kari. Su ne kuma za su iya zuwa wurin ko a lokacin da baƙo ke tsoron shiga dajin. A haɗa da auna zurfin Tiga da kwale-kwale duk bayan shekara biyar, a kuma buga sakamakon kowa ya gani. Mutanen Bebeji sun ga yadda madatsar Bagauda ta ɓalle a Agusta 1988, ba sai an yi musu dogon bayani a kan amfanin sanin halin da madatsa take ciki ba.

Wa zai biya? Birnin Denver, bayan ya sha wuya, ya shiga yarjejeniya da hukumar gandun dajin Amurka a 2010, yana zuba kuɗin masu shan ruwa cikin kula da dajin da ruwan ke fitowa. Mu ma masu cin moriyar Tiga sanannu ne. Ina roƙon a mai da shi ƙa'ida cewa duk aikin dashen itace ko gyaran madatsa da za a yi a masakin Kogin Kano, a cire kashi 1 cikin 100 na kuɗinsa a ajiye don awo. Kashi ɗayan nan bai kai abin da akan kashe a motoci da tarurrukan otal ba.

Saura namu, mu na sashen Hausa, don kada a ce na zo na rarraba wa kowa aiki na tsame hannuna. Ma'auni zai fara ne daga ranar da aka kafa shi, ba zai gaya mana yadda rafi yake shekara 60 da suka wuce ba. Wannan yana cikin kan tsofaffin maharba da Fulani makiyaya da matan da suka yi rayuwarsu suna ɗibar ruwa, yana kuma cikin sunayen wurare. Wurin da ake kira Dogon Kawo a ƙasar Doguwa, ko Ruwan Kanya kusa da Tiga, sunan kansa shaida ne na abin da ya taɓa tsayawa a wurin. Harshenmu ya bambanta kogi da rafi da ƙorama da gulbi, ya bambanta fadama da jigawa, ya bambanta tafki da kududdufi, kuma mai amfani da waɗannan kalmomi a ƙauye ya san wanne ke riƙe ruwa har bazara. In aka tambaye shi a wane wata iyayensa ke sa wuta, wa ke ba da izini, sarkin daji ko ardo ko mai gari, za a sami tarihin wutar dajin nan wanda babu shi a kowane fayil. Ina neman a sa ɗalibanmu biyu ko uku cikin ƙungiyar binciken tun daga ranar farko, da na'urar ɗaukar magana da kuɗin mota, su fara da dattawan da suka haura shekara 70, domin su ne ba za su jira kasafin baɗi ba.